Sojojin Baka da Ƙuri'ar da Ta Ƙi Fitowa



Akwai wata murya da duk mai kunna rediyo a Kano ya san ta. Da an idar da sallar isha'i, a teburin mai shayi ko cikin adaidaita sahu, sai ka ji ta tashi: wani yana wanke ubangidansa tas, yana kwance wa abokin hamayya zani a kasuwa. Masu irin wannan murya su ne sojojin baka, kuma a kansu za mu yi magana yau.

Kafin 1992, gwamnati ce kaɗai ke da gidan rediyo a Najeriya. A shekarar ce mulkin Janar Babangida ya kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, aka ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi. Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, wasu suka biyo baya, talaka ya samu inda zai kai kukansa ko bai san kowa ba. Wannan babban alheri ne, kada mu manta da shi.

Sai dai tasha tana sayen man dizal, tana biyan albashi, kuma lokacin siyasa babu mai sayen fili kamar ɗan takara. Labarin da ɗan jarida ya wuni yana bin diddiginsa, da maganar da wani ya biya kuɗi don a sa masa, duk ta akwati ɗaya suke fitowa. Ko an sanar cewa ɗaukar nauyin shiri aka yi, masu sauraro da yawa ba su kama farkonsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sauya sheƙa. Mutumin da bara ya rantse cewa wane ɓarawo ne, bana ka ji shi da muryar nan tasa yana cewa babu adali kamar wanen. Bai ce ya gano wata hujja ba, bai nemi afuwar kowa ba. Dattijon da ya ji duka biyun me zai ɗauka? Sai ya ce duk kanwar ja ce. Daga nan ko mai gaskiya ne ya zo da bayani, ba zai samu kunne ba.

Ku dubi rumfar zaɓe. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003, kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista sun fito. A 2015 aka sauko zuwa kusan 44, a 2019 kusan 35. A 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, kimanin kashi 27 kacal suka kaɗa ƙuri'a. Rashin tsaro, ƙarancin takardun naira a lokacin, da alƙawuran da aka karya duk suna da nasu kason. Amma zagin da ake ɗura wa mutane kowane dare shi ma yana kashe zuciya.

Toshe bakin tashoshi ba magani ba ne. Sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai aikin sa ido a kan gwamnati a madadin jama'a. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba kowane ɗan ƙasa, ba ɗan jarida kaɗai ba, damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani, ita kuma ta amsa cikin kwana bakwai.

Saboda haka malam, hajiya, idan aka buɗe layin waya, ku tambaya: wa ya ɗauki nauyin shirin nan? Asibitin da ake yabo, a wace unguwa yake, nawa aka ware masa, akwai likita a ciki? Mu ma 'yan jarida, ku titsiye mu da irin waɗannan tambayoyi.

Mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu ɗauko yadda ake rubuta takardar neman bayani, daga kanta har sa hannu. Ku huta lafiya.