Biri, Aku da Jirgin Kara: Kalmomin Turanci Kan Kwaikwayon da Bai Nuna Ba

Shugaban taro, malamaina, iyayenmu da suka taso daga Shinkafi da Zurmi, da ku ɗalibai na nan Ƙaura Namoda, barkanmu da haɗuwa.

Bature yana da kalmomi da dama da yake jifan wanda ya yi kwaikwayo bai iya ba, kuma kowace da nauyinta. Ɗalibin da ya yi musu kuɗin goro zai wayi gari ya zagi wanda ya yi niyyar yabo.

Mafi zafinsu ita ce ape, sunan goggon biri. In an faɗa wa mutum ita, ana nufin ya ɗauko tafiyar wani da shigarsa da yadda yake karya harshe, ya baro hankalin a can. Kalmar raini ce mai tarihi mai ɗaci, domin Turawan mulkin mallaka sun sha jifan baƙin mutum da ita in ya yi boko ya sa kwat. Kada ku kuskura ku rubuta ta a kan wanda kuke ganin girmansa. Parrot kuwa aku ne, mai maimaita magana bai san abin da ke cikinta ba, irin mai haddace amsa ya juye ta a takardar jarrabawa. Copycat ta bakin yara ce a makaranta. Mimic ba lallai zagi ba ce, don mai kwaikwayon muryar mutane ya ba da dariya gwani ne, sai dai tun da V. S. Naipaul ɗan Tirinidad ya fitar da The Mimic Men a 1967 ake laƙaba ta ga shugabannin da suka gaji kujerar Bature har da ɗabi'unsa. Travesty ta biyo ta Faransanci, asalinta ɓad da kama da tufafi. Yau ana faɗin ta a kan shari'ar da aka zauna kotu, alƙali ya sha rigarsa, amma adalci bai halarta ba.

Wadda nake so mu daɗe a kanta ita ce cargo cult. A yaƙin duniya na biyu sojojin Amurka sun sauka a tsibiran tekun Pasifik, ciki har da waɗanda yau ake kira Banuwatu. Suka share filayen jirgi, jirage suka riƙa sauke abincin gwangwani da yadi da magani. Yaƙi ya ƙare a 1945, suka kwashe nasu ya nasu. Sai wasu daga mutanen tsibiran suka share nasu filin, suka kunna wuta a gefensa, suka kafa bukka, mutum ya zauna ciki da guntayen itace a kunnuwansa, ga gora a tsaye a matsayin eriya, ana jiran jirgi ya sauko. A 1974 masanin kimiyya Richard Feynman ya kawo wannan labari a bikin yaye ɗaliban jami'ar Caltech, yana nufin masu binciken da suka cika kowace siffa ta kimiyya amma ba su da gaskiyar da ke sa ta aiki. Ni dai ba na yarda a yi wa mutanen tsibiran nan dariya. An nuna musu jirgi, ba a taɓa nuna musu masana'antar da ta ƙera shi ba.

Mu ma mun san wannan. Layin dogo daga Zariya ta Gusau ya iso Ƙaura a 1929, nan ya tsaya, yana kwasar gyaɗa da auduga. Kakanninmu sun ga jirgin, ba wanda ya buɗe musu cikinsa. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a garin nan a 1983 an kafa ta ne don jikokinsu su san cikin. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga abin da ke yawo a manyan makarantun ƙasar nan: kundin kammala karatu mai babi biyar, da bango mai ƙyalli, da jadawalin alƙaluma, alhali mai shi bai auna komai ba, bai tambayi manomi ko ɗaya ba, sunan wani gari kawai ya goge ya sa Zurmi. Wannan jirgin kara ne irin na wasan yara: ga fukafuki, ga wutsiya, tashi ne babu.

Kada wani ya fita daga ɗakin nan yana cewa ɗaukar abin wani abin kunya ne. Turanci yana da emulate don koyi na yabo, mu ma mun raba koyi da kwaikwayo. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus na 'yan uwan Grimm ya gina Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, kuma ba Bahaushen da ke karanta ta ya ji warin baƙunta. Ya fahimci abin da ke riƙe da kowane labari, ya warware shi, ya sake saƙa shi da sarakunanmu da fadawanmu da kasuwanninmu. Kuma wanda ya ɗora wa ba da labaran aku ne, aku mai dabara da har ya kai ga sarautar waziri.

Roƙona ga malamaina shi ne, kafin ku sa hannu a kundin ɗalibi, ku ce ya kunna abin da ya ƙera a gabanku, ko ya kai ku gonar da ya ce ya auna, ku tambaye shi dalilin kowane mataki da ya bi.