Awon Ciki da Bututun Likita: Haɗarinsa da Yadda Ake Ƙidaya Shi

Maganarmu ta yau a kan bututun nan ne mai fitila a kai, wanda likita kan zura ta maƙogwaro har tumbi, ko kuwa ta dubura zuwa babban hanji, domin ya ga gyambon ciki, ko inda jini ke zuba, ko ciwon daji tun bai yi nisa ba. Wani likita mai suna Basil Hirschowitz da abokan aikinsa suka fito da irin mai lanƙwasawa a Amurka cikin 1957.

Awo ne mai amfani ƙwarai, amma ba ya rasa haɗari. Bututun kan huda hanji wani lokaci, jini kan ɓalle in an yanke tsiro, allurar sa barci kuma takan danne numfashi, musamman ga tsofaffi. A Ingila an bi diddigin awon tumbi fiye da 14,000, aka buga sakamakon cikin 1995, aka tarar wajen mutum ɗaya cikin 2,000 ya rasu, galibi ta matsalar zuciya da numfashi. Wani binciken na 2004, shi ma a can, ya sami hudar hanji sau ɗaya cikin awo 769.

To, amma wa ke yin ƙidayar? Nan fa gizo ke saƙar. Sau da yawa likitan da ya yi aikin shi ne mai rubuta rahoto, abin da ya gani a ɗakin awo kuwa shi kaɗai zai rubuta. Wanda ya koma gida, ciki ya murɗa masa bayan kwana uku, aka kai shi wani asibiti dabam, ba ya shiga lissafi. A wani asibitin birnin Boston an gwada wannan, aka buga cikin 2010: likitoci sun ba da rahoton matsala 31, amma da aka duba littattafan asibitin, sai ga zuwa 134 ɗakin gaggawa cikin mako biyu saboda awon. Ba lalle ƙarya wani ya yi ba. Hanyar ƙidayar ce gurguwa. Ga kuma halin ɗan Adam: asibitin da aikinsa ya yi kyau shi ke ɗokin bugawa a mujalla, wanda ya sha asara yakan yi gum. Saboda haka adadin da ke cikin littattafai yakan kasa na gaskiya.

Kada wannan ya hana kowa zuwa awo idan likita ya umarta, domin cutar da ake nema ta fi awon haɗari nesa ba kusa ba. Sai dai ku tambaye shi dalilin awon, ku gaya masa magungunan da kuke sha, tun ba masu tsinka jini ba, kuma ku zo da ɗan rakiya. Bayan an sallame ku, in kun ji matsanancin ciwon ciki, ko zazzaɓi, ko kuka yi aman jini ko baƙin bayan gida, ku koma asibiti nan take, ku faɗi ranar da aka yi awon da inda aka yi shi, don a rubuta.