Jawabin Shugaban Taro a Wajen Ƙaddamar da Littafi kan Waƙoƙin Kare-karen Harshen Ingilishi

  

Ranar da aka kawo mini goron gayyata, aka ce littafin nazari ne a kan waƙoƙin da aka rubuta da kare-karen harshen Ingilishi, sai da na yi murmushi. Mu da muka yi makaranta a zamanin da ake cin tarar yaro idan Hausa ta suɓuce masa a aji, mun tashi da zaton Turanci guda ɗaya ne tak, wanda ake ji a rediyon Landan. Babu malamin da ya gaya mana cewa su ma Turawan suna da nasu Sakkwatancin da nasu Katsinancin.

A 1844 wani malamin makaranta mai suna William Barnes ya buga littafin waƙoƙi da karin mutanen ƙauyukan Dorset, a kudancin Ingila. Mutum ne da ya karanci harsuna da dama, daga baya ma ya zama limamin coci, saboda haka da gangan ya zaɓi bakin manoma. A ganinsa maganarsu ta fi ta mutanen birni kusa da tushen harshen. Bayan rasuwarsa, marubuci Thomas Hardy da kansa ya zaɓo waƙoƙinsa ya sake fitar da su a 1908.

Amma labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Lancashire, ƙasar masaƙu. Tsakanin 1861 da 1865 yaƙin basasar Amurka ya tare hanyar auduga, injinan saƙa suka tsaya cik, dubban ma'aikata suka wayi gari babu na sawa a bakin salati. Cikin waɗanda suka rasa aiki har da Samuel Laycock. Sai ya shiga rubuta waƙoƙi da irin maganar da ake yi a bakin injin, ana buga su a falle ɗaya, ana sayarwa da araha, ana rera su a kan titi. Wanda ya taɓa jin makaho yana rera Imfiraji ta Aliyu Namangi a ƙofar gida ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Mai jin yunwa ya fi yarda da wanda ya yi masa jaje da harshen gidansu.

Bari in ɗan ratse. Mutumin da ya tattara babban ƙamus na kare-karen Ingilishi, juzu'i shida, daga 1898 zuwa 1905, wato Joseph Wright, a masaƙa ya yi ƙuruciyarsa, kuma sai da ya kusa shekara goma sha biyar kafin ya iya karatu. Ya ƙare yana farfesa a Oxford. Ɗalibai, ku riƙe wannan.

Sai dai hanyar rubuta waƙa da karin harshe tana da ƙaya. Paul Laurence Dunbar, baƙar fatan Amurka da ya rasu a 1906 yana da shekara 33, ya yi suna da waƙoƙin da ya yi da karin baƙaƙen fata, ya kuma yi takaicin yadda masu karatu suka fi son waɗannan, suka kau da kai daga waɗanda ya rubuta da daidaitaccen Turanci. Sau da yawa mutumin birni yana sauraron karin ƙauye ne don ya sami abin dariya. Louise Bennett ta sha irin wannan kallo a Jamaika, ta daɗe ana ɗaukarta mai ban dariya kafin masana su yarda marubuciyar waƙa ce. A nan gida kuwa, marigayi Manjo Janar Mamman Vatsa ya fitar da littafin waƙoƙi da Turancin buroka.

Yanzu sai in juyo kanmu. Idan Narambaɗa ko Ɗan Anace ya rera da Sakkwatanci, daga Kano har Damagaram babu mai cewa a gyara masa. Amma yaro daga Gobir ya rubuta "shina" ko "biyat" a takarda, nan take mai tace rubutu zai ɗauko jan biro ya mayar da su "yana" da "biyar". Wani lokaci amsa-amon waƙar ne yake kashewa bai sani ba. Daidaitacciyar Hausa tana da gurbinta a jarida da jarrabawa, ban yi musu ba. A waƙa kuwa, ina roƙon malamanmu da masu ɗab'i su bar wa kowa bakinsa, in da hali a sa ɗan bayani a ƙasan shafi.

 Masu hannu da shuni, an san ku da abin arziki, yau ma muna sa ido. Ina gayyatar babban mai ƙaddamarwa ya taso ya buɗe mana littafin.