Tsarkakan da Muka Binne Muka Manta da Sunayensu

 Rana ta yi, wasu kuma Safana za su koma, don haka kai tsaye zan shiga magana.

Matsayinmu kan tsarkaka kowa ya san shi. Sashe na 22 cikin ƙa'idoji 39 na Angilikan, waɗanda aka tabbatar a 1571, ya hana roƙon su. Matsakanci tsakanin Allah da mutane ɗaya ne. 'Yan'uwanmu na ECWA da Baftis ma nan suka tsaya, kuma ba ni da ja. Rigimata da wasu abokan aikina ita ce, sun ɗauki hanin roƙo sun mai da shi hanin tunawa.

Ku buɗe kalandar Angilikan. Ranar 31 ga Disamba ta Samuel Ajayi Crowther ce, yaron da aka kama bawa, ya zama bishof a 1864, ya rasu a 1891. Akwai ranar Janani Luwum, Babban Bishof na Uganda da aka kashe a 1977 zamanin Idi Amin, wanda tun 1998 siffarsa ke tsaye a ƙofar majami'ar Westminster a Landan. Samarin da Sarki Mwanga ya ƙone a Namugongo, can Uganda, a 1886, duk 3 ga Yuni ana taruwa dominsu. Ba Fafaroma ne ya sa Crowther da Luwum a kalanda ba, ba a kuma nemi wata mu'ujiza a kabarinsu ba. Majalisar ikilisiya ce ta duba rayuwarsu ta ce a riƙa tunawa. Ana karanta tarihinsu, a gode wa Allah, a roƙe Shi ƙarfin yin koyi, shi ke nan. Turawa sun ba ɗan Najeriya rana. Mu Hausawa wa muka ba?

Isawan da suka zo wurin Dokta Miller a Zariya a 1913, suka zauna Gimi, ciwon barci ya yi musu ɗauki ɗai-ɗai kafin a koma Wusasa, wa zai kawo mini sunan mutum biyar cikinsu? Ga asibitin kutare na Babbar Ruga nan kan hanyarmu ta Katsina. Sunayen Turawan mishan na nan a rubuce, amma Hausawan da suka wanke gyambon kutare da hannunsu, shiru.

Bara na je wa'azi wani ƙauye a yankin nan, na tambayi yara wa ya kafa majami'arsu. Bulus da Bitrus sun zuba mini su tiryan-tiryan, amma tsohon mai bisharan da kabarinsa ke bayan ginin, ƙarƙashin darbejiya, awaki na kwance a kai, ko ɗaya bai san shi ba. Wata tsohuwa ce ta faɗi sunan, hawaye na zuba. Wallahi na ji kunya.

Ana ce mini wannan ƙofar bautar matattu ce. Shekara fiye da ɗari huɗu Angilikan na bin kalandar nan, ba ta kai su can ba. Maƙwabtanmu Musulmi, ko wanda bai taɓa ziyartar kabari ba, ya san Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani.

Abin da nake nema, na kuma sha faɗa a taruka: kowace majami'a ta sayi littafi mai bango, a zauna da tsofaffi tun suna da rai, a rubuta suna da ƙauye da shekara. A sa har waɗanda 'yan bindiga suka kashe a gonakinsu, tun da Littafi Mai Tsarki duk masu bi yake kira tsarkaka. Ranar 1 ga Nuwamba, ranar dukan tsarkaka, a karanta sunayen da Hausa, jama'a na tsaye. Dayosis ɗin Katsina ya tattara kwafin, domin ƙauyuka da dama sun watse, wasu kaburburan ma yanzu ba a iya zuwa.