Wutar Hasken Rana a Gida: Haɗa Ƙananan Inbata da Batirin Litiyam

Jawabin wayar da kan jama'a da aka gabatar a garin Kafanchan



Abin da ya tara mu a yau shi ne zancen wutar lantarki. Kowa ya san irin zaman da muke yi da ita tun zamanin Nepa, hukumar da aka kafa a shekarar 1972, har zuwa yanzu da kamfanin Kaduna Electric ke rarraba ta a wannan jiha, bayan da aka miƙa yawancin kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a 2013. Abubuwa biyu sun ƙara karkata hankalin magidanta ga hasken rana. Na farko shi ne janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu, 1 ga wata bai zo ba sai da kuɗin mai ya tashi, watau a 2023, har ciyar da janareta ya gagari gidaje da yawa. Na biyu kuwa shi ne duhun watan Oktoban 2024, sa'ad da aka lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa da dama suka yi kwana da kwanaki babu wuta. Ga shi yanzu daga Kafanchan zuwa Kagoro, da Zonkwa, da Kwoi, da Kachia, faifan sola sai ƙaruwa yake yi a kan rufin gidaje. Abin murna ne. Amma kuɗin da ake zubawa ba kaɗan ba ne, saboda haka ya wajaba mutum ya san abin da yake saya.

Faifan sola yana ba da wuta mai gudana ta hanya ɗaya, irin wadda ke cikin batirin mota. Firji da fanka da talabijin kuwa suna aiki ne da wuta mai kaiwa da komowa, wadda a ƙasarmu ƙarfinta bolt 230 ne, tana kuma bugawa sau 50 a cikin kowane sakan. Na'urar da ke juya ta farko ta koma ta biyu ita ce inbata. A tsarin da aka saba, ana jera faifan a waya guda, kamar ayarin raƙuma, a kai wutarsu ga babbar inbata guda ɗaya a cikin gida. Aibin ayari shi ne in raƙumi ɗaya ya yi ɗingishi, sauran ma sai sun rage tafiya. Haka nan, in inuwa ta rufe faifai ɗaya, abin da dukan jerin ke bayarwa yana raguwa.

Ƙaramar inbata ita ce maganin wannan. 'Yar na'ura ce da ba ta fi littafi girma ba, ana ɗaura ta a bayan kowane faifai, ko guda ɗaya ga faifai biyu ko huɗu, ta juya wutar tun daga kan rufi. Wani kamfanin Amurka mai suna Enphase ya fito da tasa a 2008, daga baya kamfanonin ƙasar Sin irin su Hoymiles da APsystems suka cika kasuwa da nasu. A ganina, ta dace da wannan yanki ƙwarai. Kudancin Kaduna ƙasa ce mai itatuwa, da wuya ka ga gida ba mangwaro ko wani itace mai inuwa a kusa da shi, ga tankin ruwa a sama, ga kuma rufin kwano mai fuskoki da yawa. Wanda ke gindin duwatsun Kagoro ya san rana ba ta isa gidansa lokaci ɗaya da na maƙwabcinsa. Da ƙananan inbata kowane faifai cin gashin kansa yake yi, kuma magidanci yana iya farawa da biyu, in ya sayar da citta a kaka ya ƙara biyu. Bugu da ƙari, ba a tara ɗaruruwan bolt na wutar faifai a waya guda, abin da ke rage haɗarin gobara.

To, ga inda gizo ke saƙa, kuma shi ne dalilin wannan jawabi. An ƙera yawancin ƙananan inbata ne domin ƙasashen da ba a cika ɗauke wuta ba. Ba sa fara aiki sai sun ji wuta a layi, su bi bugunta. Da zarar an ɗauke wuta sai su tsaya cak, ko da tsakar rana ce a watan Maris. Haka kuma in wutar ta zo da rauni, irin wadda ba ta ko kunna fitila sosai, sukan ƙi tashi. Ba lalacewa suka yi ba. Da gangan aka yi su haka, domin kada wutar gidanka ta koma kan layi ta hallaka ma'aikacin da ya hau turke yana gyara. Saboda haka wanda ya sayi faifai da ƙananan inbata kaɗai, to, zai sami wuta ne kawai a lokacin da maƙwabtansa ma suke da ita. Gaskiya ne Enphase ya fito da wani samfuri a 2021 wanda ke iya tayar da wuta da kansa, amma sai da akwatin sarrafawa na musamman, kuma in babu batir, rana na faɗuwa ya tsaya.

Abin da ke warware wannan matsala shi ne batir tare da tasa inbatar, wadda ke iya tayar da wuta da kanta. In aka ɗauke wuta, wannan inbata takan raba gidan da layin kamfani, sa'an nan ta ɗebi wuta daga batir ta tayar da bolt 230 a cikin gida. Ƙananan inbata da ke kan rufi sai su ji wuta, su koma bakin aiki. Abin da gida ke bukata ya sha, rarar kuma ta bi ta cikin babbar inbata ta shiga batir.

Sai dai tambaya ita ce, in batir ya cika, rana kuma tana kan ganiyarta, ina rarar za ta? Dabarar da masana suka yi ita ce babbar inbata ta ɗan ƙara bugun wutar, daga 50 zuwa wajen 52, ƙananan kuwa su fahimci cewa an ce su sassauta ko su tsaya. Amma ba kowace inbata ce ke da wannan fasaha ba. Da yawa daga masu araha da ake sayarwa a kasuwanninmu ba a yi su don wuta ta shigo musu ta ƙofar fita ba, in aka tilasta musu sai su ƙone. Lalle ne mai saye ya nemi a nuna masa a cikin littafin na'urar inda aka rubuta cewa tana aiki tare da ƙananan inbata. Akwai kuma ƙa'idar da masu ƙera irin waɗannan na'urori ke gindayawa: jimlar ƙarfin ƙananan inbata kada ya wuce ƙarfin babbar. Janareta ma haka, kada a bari wutar rufi ta koma cikinsa, domin tana lalata shi.

Game da batir, mun daɗe da sanin na dalma mai ruwa. Yana da sauƙin kuɗi, amma in ana son ya yi ƙarko ba a shan fiye da rabin abin da ke cikinsa, kuma zafi yana saurin kashe shi. Batirin litiyam, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa a 1991, ana iya shan kashi 80 cikin ɗari ko fiye, yana ɗaukar caji da sauri, yana kuma jure caji da saukewa sau dubbai. Masana uku da suka yi aikinsa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun sami lambar yabo ta Nobel a 2019. Abin sha'awa ne cewa dutsen da ake samun wannan ma'adini akwai shi a nan kusa da mu, har an buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa a 2024. Wanda ya dace da gida shi ne mai haɗin ƙarfe da fosfet, wanda ake rubuta LFP a jikinsa, domin ya fi irin na wayar hannu wuyar kamawa da wuta. Kowane na kirki yana da 'yar na'ura mai gadinsa, wadda ke yanke shi in caji ko zafi ya yi yawa. A guji wanda aka harhaɗa da tsofaffin ƙwayoyin batir aka sa a sabon akwati.

Bari in ba da misali da lissafin yunit, irin wanda muke saya a mita. A ce gida yana da fitilu 10 masu wat 10 na awa 5, rabin yunit ke nan. Fanka 3 masu wat 60 na awa 8, kusan yunit ɗaya da rabi. Talabijin mai wat 80 na awa 4, kimanin sulusin yunit. A ba firji yunit ɗaya. Jimla ta haura yunit 3 kaɗan a dare guda. Batirin litiyam mai bolt 48 da amfiya 100 yana riƙe wajen yunit 5, in aka sha 4 an wadatu. Faifai 4 masu wat 400 sun isa su cika shi da rani. Amma a yi lissafi da watan Agusta, domin damina a nan ta fi ta Kano da Sakkwato tsawo da yawan hadari.

Wannan ya kawo mu ga wani tarko da ba a cika faɗa wa mutane ba. In batir ya ƙare ƙaf cikin dare, babbar inbata ta mutu, kuma babu wutar kamfani, to, gari zai waye rana ta fito amma ƙananan inbata ba za su tashi ba, tun da babu wutar da za su bi. Batir yana jiran rufi, rufi yana jiran batir. Maganin abin shi ne a saita na'urar ta bar saura a cikin batir, ko kuma, wanda na fi so, a ware faifai ɗaya ko biyu su riƙa cajin batir kai tsaye ta hanyar na'urar caji. Wanda kuwa rufinsa a fili yake ba inuwa, kuma yawancin bukatarsa ta dare ce, ba laifi in ya haƙura da ƙananan inbata ya sayi babba mai haɗe da caji. Ta fi araha, kuma ba a asarar wuta wajen juya ta sau uku kafin ta kai ga fitila.

Sauran abin da ya rage na kiyayewa ne. Ƙasarmu ƙasar tsawa ce, saboda haka a binne ƙarfe a ƙasa a haɗa shi da faifan, a kuma sa na'urar kare aradu. A ajiye batir a ɗaki mai iska, nesa da murhu da inda yara ke wasa. Lokacin hunturu a riƙa wanke ƙurar faifai da ruwa da sassafe. Kada a tura wuta kan layin kamfani ba tare da yardarsa ba. A ba da aikin ga wanda ke da takardar shaida ta Hukumar NEMSA, wadda doka ta ɗora wa duba ingancin ayyukan lantarki, a kuma karɓi rasit da takardar garanti mai ɗauke da lambar kowace na'ura. Kafin a biya ma'aikaci cikon kuɗinsa, a sa shi ya kashe layin kamfani da tsakar rana a gaban maigida, a ga ko rufi zai ci gaba da cajin batir.