Ruwan Sama Da Kududdufi

Yau maganarmu a kan ruwan damina ce.

A ƙasar Gumel, daga Gagarawa har Maigatari da Sule Tankarkar, ruwan sama na wata huɗu ne, ya fi ƙarfi cikin Agusta. Jigawa takan shanye shi, amma cikin gari sai ya gangara kududdufin da aka haƙa don ƙasar gini, ya kwanta.

To, a nan cuta take. Sauro yakan yi ƙwai a ruwan da ba ya gudu, cikin kwana 10 sun zama sauro, sai zazzaɓi. Yaron da ke wanka a kududdufi yakan ɗauki tsargiya, watau fitsarin jini, daga katantanwa. In ambaliya ta kwashi bayan gida ta zuba a rijiya, sai amai da gudawa, kamar yadda aka sha a Jihar Jigawa a 2021.

Saboda haka, kafin ruwa ya sauka, mai unguwa ya tara gayya a yashe kwatoci, kada a zuba shara ciki. A cike ƙananan ramuka. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi, salga kuwa ta nisance ta da mita 30. Ruwan indararo a tara shi a randa, a rufe, a tafasa kafin a sha.

Kurkunu ma ta ruwan kududdufi yake shiga, amma da aka dage da tace ruwa, a 2013 aka tabbatar ya ƙare a Nijeriya.

Wanda ya ga jini a fitsarin ɗansa, ya kawo shi asibiti da wuri. Allah ya ba mu lafiya.