Sharar Gidanmu da Haƙƙin Maƙwabci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu sauraro, zancenmu na daren yau a kan abin da yawancinmu ba mu lissafa shi cikin addini ne, wato inda sharar gidajenmu take zuwa.

Mu dubi ƙofar masallaci bayan buɗa-baki. Mun sha ƙanƙara da zoɓo da kunu, duk a ƙulle cikin leda, muka yar a nan, muka shiga sahu. A gida ma haka ne. Mata sun share tsakar gida fes, sai a ɗora wa yaro kwandon shara bayan isha'i, a ce ya je ya zubar. Ina? Ba a faɗa masa ba, kuma duk mun san inda zai kai ta: magudanar ruwa, ko gindin katangar maƙwabci. Da ba mu san laifi ba ne, me ya sa muke jiran duhu?

Ledar nan ba ta ruɓewa. Akuya ta haɗiye ta, ta yi ta ramewa. Ku tambayi mahauta abin da suke fitarwa daga tumbi. Akuyar nan kuwa wataƙila ita ce dukan jarin wata marainiya. Idan damina ta faɗi, magudanar da muka toshe ta mayar da ruwa cikin gidajen ƙasa, katanga ta jiƙe ta rushe, sauro ya hayayyafa, zazzaɓi ya kama yara. Sai mu ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma hannunmu na ciki. Tun 2014 aka kafa dokar hana irin wannan leda a ƙasarmu ta Nijar, ga ta har yau tana lilo a kan ƙaya.

Hadisi ya inganta cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da take share masallacin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, don an ɗauki lamarinta ƙarami. Da ya ji, sai ya je kabarinta ya yi mata salla. Mu kuwa mai amalanken shara ya zo ƙofarmu, mu tsaya ciniki da shi kamar mai bara.

Maigida, kai za a tambaya, ba yaron ba. Ka ware tokar murhu da ɓawo da kashin dabbobi, taki ne, manomi zai ɗauka da godiya. Sauran a tara a buhu a kai juji, kada a ƙona leda inda jarirai ke shaƙar hayaƙi. Mai aiken sayen kunu kuma ya ba yaro kwano.

Allah Ya karɓi azuminmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.